Shatin Igiya a Wuyan Jariri

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba", ga shi nan. Ku gyara zama, na yau babu abin dariya a ciki.

Ranar sunan jikan Alhaji Babandi ce, babban maigidan fataken shanu a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, shekara ta biyu da fara yaƙin basasa. An haifi yaron hannunsa na dama ba ya motsi. Mai ɗori ya lalube ƙashi tun daga wuya har gwiwar hannu, ya ce babu karaya. Da jin haka gidan suka ce to maita ce, Inna Amariya ungozoma ta kama masa kurwar hannu. Ni kuwa, Jatau wanzam, da hantsi aka kira ni askin suna.

Hajiya Saude, matar Alhaji, ita ta fito min da shi soron ciki. An kifa masa hular ulu har kunne.

"Cire masa hula, Hajiya."

"Aske goshin kawai, Wanzam. Akwai sanyi."

Sanyi. Gumi na bin tsakiyar bayana, ƙuda ma neman inuwa yake.

"Hajiya, shekarata nawa ina aski a gidan nan? Kin taɓa ganin na yi rabin kai?"

Da ma tun ranar kwana uku raina bai kwanta ba. Na zo cire masa beli aka tare ni a ƙofa, wai yana barci. Jaririn kwana uku, yaushe ne ba ya barci?

Na fara duba hannun. Na hagu yana ta naushin iska kamar na kowane jariri. Na dama kuwa yana kwance a gefensa, a miƙe, ya juya ciki, tafin yana kallon baya. Na sa masa yatsa, ya damƙe. Yatsu na aiki ke nan. Na ɗaga damtsen na saki, ya faɗi kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Sai na zare hular.

Daga bayan kunne ya taso, ya zagayo ƙeya, ya ɓullo ta ƙarƙashin muƙamuƙi. Ja ne, ya fara ɓawo. Kuma ba layi ne santal ba, a murɗe yake, tufka uku.

Shatin igiyar rama.

Na sha ganinsa, amma ban taɓa ganinsa a jikin ɗan Adam ba. A kan 'yan maruƙa nake gani a zangon shanu, idan saniya ta kasa haihuwa aka zaro mata ɗa.

Na ɗago na dubi Hajiya Saude. Ta kawar da kai.

"Gashi aka kira ka ka aske," in ji ta. "Aske ka tafi."

Na aske. Ta mayar da hula tun ban wanke aska ba. Aka ba ni cinyar rago, na bar ta a nan kan tabarma.

Ni a raina na gama yanke hukunci. Hajiya ce ta yi aika-aikar, Alhaji yana rufa wa matarsa asiri.

Bayan azahar aka taru a zaure.

Malam Ya'u, limamin masallacin layin, yana tsakiya. Dattawa bakwai ko takwas a jikin bango. Alhaji Babandi a kan buzunsa, carbi na gudu a hannu. Manniru, ɗansa, uban jaririn, wanda ya yi boko yake akawu a Dugbe, ya takure a lungu kamar shi ne mai laifin.

A waje motar goro ce tsaye, ta yi lodi za ta Arewa. Direban Bayarabe ne, yana ta danna ham.

Inna Amariya tana tsaye a bakin ƙofa, ƙunshin kayanta a ka. An ce ta zauna, ta ƙi. Shekara arba'in tana Sabo. Mijin da ya kawo ta ya mutu, ba ta da ɗa, ƙauyen da ta fito ma ba ta san ko akwai wanda zai gane ta ba. Ga hanya cike da shingen soja. Duk wanda ke zauren ya san in tsohuwar nan ta hau motar, ba za a sake jin labarinta ba.

Alhaji ya gyara murya.

"Magana ba ta da tsawo. Za a shimfiɗe yaro, ta tsallake shi sau uku, ta mayar masa da abin da ta ɗauka. Sannan ta hau mota. Ni na yafe mata."

Ga wanda bai sani ba, haka ake yi wa wanda aka kama da maita. In ka tsallake, ka amsa da bakinka ke nan. In ka ƙi, a ce ka ƙi sakin kurwa. Ko ta ina an ɗaure ka.

"Ka yafe min," in ji Inna Amariya. "Allah Sarki."

"Inna, ki taimaki kanki," in ji Malam Ya'u.

"Malam, dubi zauren nan. Rabin 'ya'yan mutanen da ke zaune ni na yanke musu cibiya. Manniru, ɗago kanka, har da kai. Da ni mayya ce, Babandi, ai da kai zan fara. Ka fi tsoka."

Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Kun ji ko?" in ji Alhaji. "Da bakinta."

"Ba zan tsallake ba. Ku ɗora ni a motar."

Nan na miƙe. Wanzami ba a kiransa shawara, amma ba a korarsa daga zaure, don kowa yana miƙa masa wuya ranar Juma'a.

"Malam, a ba ni izini in yi tambaya ɗaya."

"Sarkin aska, an biya ka ai," in ji Alhaji. "Ko naman bai ishe ka ba?"

"Ya yi min yawa ma, Alhaji. Malam, a Sabon nan, yaushe ake kiran ungozoma?"

Malam Ya'u ya dube ni kamar na tambaye shi raka'o'in asuba.

"In ɗa ya faɗo mana."

"Kafin nan fa?"

"Kafin nan me za ta yi? Mace ita kaɗai take durƙusonta. Ungozoma ta zo ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wanka."

"To. Inna, da kika shiga ɗakin Zulaihat, matar Manniru, a ina kika tarar da yaro?"

"A ƙasa. Kan tsumma."

"Hannun yana motsi?"

"Ba ya yi."

"Kin taɓa shi kafin nan?"

"Ta ina? Ina gida ina tsintar wake aka aiko."

"Mayya sai ta taɓa?" in ji Alhaji. "Daga nesa ma ci take."

Na juya wajen Manniru.

"Malam Manniru, kwana nawa matarka ta yi tana naƙuda?"

Ya kalli ubansa kafin ya amsa.

"Tun hantsin Laraba. Ba ta faɗa wa kowa ba, haihuwar fari ce, tana jin kunya. Sai Alhamis da safe aka gane."

"Sai ka yi me?"

"Na je Mokola na ɗauko tasi."

"Ina tasin?"

Ya sake kallon ubansa.

"Ni na kore shi," in ji Alhaji, ya buga carbi a cinya. "Kuma gobe ma zan kora. Matar gidana ba za ta je ta kwanta a gaban ƙattin likitoci ba. Asibitin ma yanzu cike yake da sojoji masu rauni, kowa yana leƙen kowa. Mu nan muna da mutunci. Matanmu ko ƙofar gida ba sa leƙawa."

Dattawa suka gyaɗa kai. Gaskiya ne, haka Sabo take a lokacin.

"Daga nan fa, Manniru?"

"Baba ya aike ni Akinyele, can bayan gari, in karɓo rubutu wajen wani malami. Kafin in dawo an haihu."

"Akinyele," na ce. "Duk malaman da ke Sabo."

Direba ya leƙo zauren. "Oya, Baba, rana yana tafi." Aka ɗaga masa hannu.

Na ce, "Jama'a, ni ban yi makaranta ba, amma na yi yawo. A Kumasi na ga yaro da hannu irin wannan sak, tafin yana kallon baya. Uwar yaron maƙwabciyata ce, ni na raka mijinta asibiti. Wata nas ta yi mana bayani, ban manta ba. Akwai jijiyoyi da suka sauko daga wuya suka shiga hannu. In kan ɗa ya fito kafaɗa ta maƙale, aka ja kan da ƙarfi, sai jijiyoyin su miƙe fiye da kima, wani lokaci su tsinke. Ƙashi lafiya lau, amma hannu ya mutu. Ta koya wa uwar yadda za ta riƙa motsa masa kafaɗa da gwiwar hannu kullum, kada su sandare. Ta ce wasu suna warkewa cikin watanni, wasu ba sa warkewa. Ba ta ce a nemo tsohuwa ta tsallake shi ba."

"Tun yaushe mai aska ya zama likita?" in ji Alhaji.

"Ban zama ba. Amma na san igiya in na gan ta."

Carbin ya tsaya.

"Yau da hantsi na aske kan yaron nan. Akwai shatin igiyar rama daga bayan kunne, ta ƙeya, har ƙarƙashin muƙamuƙi. Yawancinku masu shanu ne. Kun fi ni sanin a ina ake ɗaura igiya haka, da kuma abin da ake jawowa da ita."

Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi," can ƙasa-ƙasa.

Alhaji ya yi murmushi, irin wanda yake wa mahauta in zai karya musu ciniki.

"Jatau. Ka san duk kan da ka aske a layin nan, a inuwata ka aske shi?"

"Na sani."

"Daga yau ka nemi Yarabawa su ba ka kai."

"Su ma gashi gare su, Alhaji."

Malam Ya'u ya ɗaga hannu. Ya juya wajen tsohuwa.

"Inna, ke kika yi masa wankan farko. Kin ga abin da Wanzam yake faɗa?"

"Na gani."

"Kika yi shiru?"

"Malam, shekara arba'in ina shiga ɗakunan matanku. Na ga abin da in na faɗa, wasunku ba za su sake shiga sahun gaba ba. Kun taɓa jin ya fita daga bakina? Abin da na gani a ɗakin haihuwa a can nake barinsa. Shi ya sa kuke kirana."

"Ko da za a kore ki?"

"Na ce a ɗora ni a motar ai."

Kunya ta kama ni a madadin mazan da ke wurin. Sun san ba za ta yi magana ba. Shi ya sa aka zaɓe ta. An duba Sabo kaf, an nemi wadda ba ta da ɗa, ba ta da dangi, kuma bakinta a rufe yake, aka ce ga mayya.

Na ce, "Malam, ni ba na son in ambaci matar mutum a zaure. Amma a tambayi Hajiya Saude wa ke ɗakin."

"Kada ka sake ka kama sunan iyalina," in ji Alhaji.

"To a kawo yaron," in ji Malam Ya'u. "Da ma an ce za a shimfiɗe shi. A kawo, a cire hula, kowa ya gani da idonsa."

"Yana barci."

"A kawo shi da barcinsa."

Alhaji bai motsa ba. Manniru bai motsa ba. Malam ya buɗe baki zai sake magana, sai muka ji takun ƙafa ta ƙofar cikin gida. Taku ne a hankali, ana jan ƙafa ɗaya. Bayansa muryar Hajiya Saude tana cewa, "Ke, dawo. Dawo na ce."

Aka ɗaga asabari.

Zulaihat ce.

Ku fahimci abin da nake faɗa muku. Tun da aka kawo yarinyar nan gidan, babu namiji a zauren da ya taɓa ganin fuskarta in ban da mijinta. Mai jego ce, kwana bakwai. Kuma ɗan fari ne, wanda uwa ba ta ɗauka a gaban mutane, ba ta kallonsa, ko sunansa ba ta faɗa. Ga ta rungume da shi a ƙirji, a gaban surukinta.

Dattawa suka sunkuyar da kai. Wani ya ja rawani ya rufe ido.

Ta durƙusa da ƙyar. Na ga ta cije leɓe kafin gwiwarta ta kai ƙasa. Ta shimfiɗe yaron a gaban Malam Ya'u, ta zare hular da hannunta.

Kan a aske yake tas. Babu wanda ya buƙaci in nuna masa.

Malam ya duƙa ya duba. Ya daɗe. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

"Gafara, Malam," in ji ta. Muryarta a dishe. "Inna ba ta yi masa komai ba."

"Koma ciki," in ji Alhaji, bai dube ta ba.

Ita ma ba ta dube shi ba. Da Malam take magana.

"Kansa ya fito, sauran jikin ya ƙi. Ina jin shi a maƙale. Hajiya ta ja da hannu, ya ƙi. Na ce mata don Allah a kira tasin ya dawo. Ta fita."

"Manniru, mayar da matarka ciki."

Manniru ya yunƙura, ya koma ya zauna.

"Da ta dawo sai ta yafa min zane a fuska. Ta danne min kafaɗu, ta ce in rufe ido. Sai na ji an shigo."

"Wa ya shigo, 'yata?" in ji Malam.

"Ban ga fuska ba."

Alhaji ya saki numfashi. Ni da nake kusa na ji shi.

"Amma na ji warin zangon shanu. Na ji hannu mai kaushi, ba na mace ba. Na ji ana ɗaura abu. Sai aka tokare ni da ƙafa a nan," ta dafa ƙugunta, "aka yi bisimilla, aka ja. Na ji abu ya yi ƙara, ban san ko a jikina ba ne ko a nasa. Da ya fito bai yi kuka ba, sai aka ce, 'Ɗaga shi ta ƙafa, Saude, haka ake yi musu.'"

Malam Ya'u ya dube ta.

"Kin san muryar?"

"Malam, shekara ɗaya da rabi kullum safe ina durƙusa wa muryar nan ta bayan labule ina gaishe ta."

Sai a lokacin ta juya. Ba ta ɗaga ido ba, ƙafafunsa ta kalla.

"Baba, da na yi niyyar in mutu da shi a cikina. Ko ɗanka ban faɗa wa ba. Amma ba za a ɗora Inna a mota saboda ni na yi shiru ba."

Na yi kuskure da na zargi Hajiya ita kaɗai. Mutumin da ya kori tasi don kada likita ya ga matar ɗansa. Shi ne ya shiga ɗakinta da kansa, da igiyar maruƙa a hannu, don a zamanin da yake koro shanu a ƙasa daga Arewa an yabe shi da iya zaro ɗa daga cikin saniya. Ya lalata hannun jikansa. Sannan ya yanka raguna biyu, ya raba goro, ya zauna a kan buzu yana jan carbi, yana cewa ya yafe wa tsohuwa.

Na tofar da yawu ta ƙofa. Ban nemi afuwar kowa ba.

Malam Ya'u bai dubi Alhaji ba. Ya ce wa dattijon da ke kusa da ƙofa, "A ce wa direba ya tafi. Babu fasinja."

Muka ji motar ta tashi. Inna Amariya ta tsaya har ƙararta ta ɓace wajen Mokola, sannan ta sauke ƙunshin daga kanta, ta zo ta durƙusa kusa da yarinyar, ta gyara mata lulluɓi.

"Sannu, 'yar nan. Ba a durƙuso haka da ɗanyen jiki."

"Alhaji," in ji Malam Ya'u, "akwai abin da za ka ce?"

Alhaji Babandi ya naɗe carbinsa a hankali, ya sa a aljihu. Na zaci zai ce ceton rai ya yi, don da ya faɗi haka wasu za su saurare shi. Na zaci zai nemi gafarar tsohuwa. Ko jikan nasa bai kalla ba.

"Manniru."

"Na'am, Baba."

"Matar da ta fito zaure ta tsaya gaban maza ta tona ubanka, ba za ta kwana a gidana ba. Sake ta. Saki uku, a rubuce, yanzu, a gabana. In ka ƙi, ka bi ta, kuma kada ka zo jana'izata."

Zulaihat ta jawo ɗanta jikinta. Hannun dama ya zame daga cikin zane yana lilo, ta tallabe shi.

Manniru ya miƙe. Ya kalli ubansa, ya kalli hannun.

Ya sa yatsu a aljihun gaban rigarsa, ya zaro alƙalami.